Ranar da Biskit Ya Ƙi Shiga Keji

A wani ƙaramin gari na jihar Oklahoma, can ƙasar Amurka, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ba ta da mugun hali. Saurin fushi ne kawai matsalarta. In ranta ya ɓaci, hannunta yakan riga hankalinta.

Gidansu irin wanda ake jawowa da mota a ajiye ne. Duk unguwar haka take. Irin gidajen nan ba su da tushe, don haka ba a zama cikinsu in guguwa ta taso. A ƙarshen layi akwai ɗakin ƙasa na kowa da kowa, wanda aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa don fakewa. Da jiniyar gargaɗin guguwa ta yi kuka, can ake gudu. Makullin yana hannun wata tsohuwa, Madam Loretta.

Yarinyar ta daɗe tana naci a samo mata kare. Ran nan Baba ya dawo daga aiki da kwali a hannu. A cikin kwalin ga wani ɗan kwikwiyo ja, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

Ta yi tsalle. "Baba, na wa ne?"

"Na wanda zai riƙa kwashe kashinsa."

"Ni ce! Ni ce!"

Ƙanenta Dalton, ɗan shekara huɗu, ya leƙo da biskit a hannu. Kwikwiyon ya miƙa wuya ya wafce. Dalton ya ɓare baki da kuka. Daga nan suna ya bi kare: Biskit.

Washegari Mama ta kai shi allura wurin likitar dabbobi. Ta dawo da keji na waya, mai ƙofa da sakata. Da yamma suna cin wake da burodin masara, sai Baba ya hango shi a falo. Ya ajiye cokali.

"Darlene, mene ne wancan?"

"Kejin Biskit."

"Keji? Kare ne fa na kawo, ba aku ba. A gonarmu da karnuka muka tashi. A gindin dakali suke kwana. Ba wanda aka taɓa kullewa."

"A gonarku kuna da ramin fakewa na kanku, Lonnie. Nan kuwa ka san dokar Madam Loretta. Kare ba ya shiga ɗakin ƙasa sai a cikin keji."

"Loretta da dokokinta! Da za ta samu dama, mu ma sai ta sa mu a keji."

"Ka manta karen da ya ciji ɗan gidan Pruitt a ciki? Ga jarirai, ga kyanwoyi, ga tsofaffi, duk a ɗaki ɗaya. Ai da gaskiyarta."

Baba ya ce, "Ni dai ina ganin zalunci ne." Ya ci gaba da cin wakensa.

Mama ta juya wajen yarinyar. "Ke ce uwar Biskit, to buɗe kunnenki. Likita ta ce kejin nan ɗakinsa ne, ba gidan yari ba. A bar ƙofa a buɗe, a riƙa ba shi abinci a ciki. Kada a taɓa tura shi ciki da fushi. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

Ta ji ɗin. Amma da kunne kawai.

Da farko komai lafiya. Biskit yakan shiga ya ci abincinsa, ya fito. Wani lokaci har barci yake a ciki, ƙafa huɗu a sama.

To, a gidan nan ba a dukan yara. Akwai wata 'yar kujera shuɗiya a lungun falo. Wanda ya yi laifi sai a ce ya je ya zauna, ya fuskanci bango, ya yi tunani. Dalton ya fi kowa sanin kujerar. Har ta lotsa daidai mazauninsa.

Mama aikin amsa waya take yi daga gida. Takan rufe kanta a ɗaki da abin ji a kunne har yamma. In yarinyar ta dawo daga makaranta, ita ke kula da Dalton da Biskit.

Wata rana ta dawo ta tarar da farin takalminta a tsakar falo. Sabo ne, na zuwa coci ranar Ista. Biskit yana kwance ya rungume ƙafa ɗaya. Ya riga ya cinye dunduniyar.

Idonta ya rufe. Ta daka masa tsawa. Ta cafko shi ta wuya, ta tura shi cikin keji, ta banko ƙofa.

"Zauna nan ka yi tunani!"

Ta ƙara da buga saman kejin da tafin hannu. Wayar kejin ta yi ƙara. Biskit ya takure a lungu yana kuka.

Dalton ya ce, "Yaya, ai Mama ta ce..."

"Rufe min baki, ko kai ma ka shiga!"

Dalton ya rufe baki.

A ganinta abin da ta yi daidai ne. Mai laifi sai kujera. Kare ba shi da kujera, to sai keji. Amma yaro ana iya ce masa ga laifinka, ya gane. Kare bai san takalmin Ista ba. Ƙaiƙayin haƙori ne ke damunsa. Abin da Biskit ya koya ran nan ɗaya ne: in an ɗaga murya, in an shaƙe wuya, sai keji.

Ba ta tsaya nan ba. Ya yi fitsari a kafet, keji. Ya yaga mata littafi, keji. Ya yi haushi tana kallon talabijin, keji. Kafin Mama ta fito, ta buɗe shi.

Ba a daɗe ba Biskit ya daina cin abinci a ciki. In zai wuce ta wajen kejin, sai ya yi zagaye, wutsiya a tsakanin ƙafafu.

Baba ya lura. Ya ce, "Kin gani ko, Darlene? Na faɗa miki ba ya son abin nan."

Mama ta ce, "Abin mamaki. Da kuwa har barci yake a ciki."

Yarinyar ta sunkuyar da kai cikin kwanonta. 

Lokacin guguwa ya shigo. Wata yamma iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Sama ta yi wani irin kore-kore. Baba yana wurin aiki. Sai ga jiniya.

Mama ta fito da gudu. "Dalton, takalmi! Ke, sa Biskit a keji. Maza!"

Yarinyar ta ɗauko shi. Da ya ga inda aka nufa, sai ya fara mutsu-mutsu. Ya turje a bakin ƙofa da ƙafa huɗu. Ta tura, ya ƙi. Ya yakushe mata hannu, ya zille, ya shige ƙarƙashin gado.

"Biskit, fito! Don Allah fito!"

Da ƙyar ta jawo shi. Mama ta karɓa ta gwada da kanta. Ya yi ta ihu kamar ana yanka shi, har ya saki fitsari a hannunta.

Mama ta ce, "Ba lokaci. Rungumo shi haka, mu tafi."

Suka fita da gudu. Ruwa ya fara sauka da manyan ɗigo. A bakin ɗakin ƙasa ga Madam Loretta tsaye da tocila, tana ƙirga masu shiga.

"Ina kejinsa?"

"Ya ƙi shiga, Madam."

"To nan ma ba zai shiga ba."

"Don Allah, Madam! Ɗan ƙarami ne. Zan riƙe shi da kyau."

"'Yata, mai karen da ya ciji ɗan Pruitt ma haka ya ce min. In na bar naki, sai na bar na kowa. Ku shige, kuna tare hanya."

Mama ba ta yi gardama ba. Ta karɓi Biskit. Ta ce, "Riƙe hannun ƙanenki, ku sauka. Zan rufe shi a banɗaki in dawo."

"Mama, kar ki koma!"

Amma Mama ta riga ta juya.

Yarinyar ta tsaya a kan matakala tana kallon hanya. Sai ƙanƙara ta sauko, kowace kamar ƙwan kaza. Tana buga rufin motoci kamar ana jifa. Ba Mama, ba alamarta. Madam Loretta ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ba ta rufe ba. Ita ma hanyar take kallo.

Can sai ga Mama a guje, ta kare kai da hannu. Ta faɗo ciki jagab. Goshinta ya yi ƙulu, yana ɗan tsiyayar jini. Madam Loretta ta ja ƙofar ƙarfe ta sa sakata.

A ciki mutane sun jeru a kan benci. A ƙarƙashin bencin ga kejuna. Yarinyar ta bi su da kallo. Wani baƙin kare yana lasar ƙafarsa. Wani tsohon kare ma minshari yake, kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Ba wanda ke ihu.

Wata maƙwabciya tana goge wa Mama goshi. Ta ce, "Ikon Allah. Kwikwiyo ƙarami haka, me ya sa yake tsoron keji?"

Dalton ya ɗaga murya, kowa na ji. "Don Yaya tana jefa shi ciki ne. Tana buga masa, tana cewa ya yi tunani."

Duk aka juyo ana kallon yarinyar.

Mama ta dubi yarinyar. "Gaskiya ne?"

Ta gyaɗa kai.

Mama ta kau da kai. Da ta yi faɗa, da ya fi sauƙi.

Guguwar ba ta bi ta kansu ba. Ta arewa ta ratsa. Da aka buɗe ƙofa, yarinyar ta riga kowa isa gida. Reshen itace ya fasa tagar falo. A banɗaki ta tarar da Biskit a maƙale bayan masai, yana karkarwa. Ya yi ta kartar ƙofa har farcensa ɗaya ya tsage.

Ta zauna a ƙasa ta miƙa masa hannu. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya matso.

Baba ya dawo ya ga goshin Mama. Ya ji duk yadda aka yi. Ya toshe tagar da kwali, sannan ya kira yarinyar.

"Zan buga wa Baffanki Vernon waya. Yana da fili, yana da ramin kansa. Biskit zai koma gonarsa."

"Baba, a'a! Na tuba. Ka sa ni a kujera har gobe."

"Ba horo nake miki ba. Ba zan ajiye dabba a inda ba za a iya tsira da ita ba. Kuma uwarku ba za ta sake fita cikin ƙanƙara saboda kare ba. Ni dama na ce kejin nan zalunci ne."

Mama ta ce, "Keji bai zalunci kowa ba, Lonnie. Waya ce da sakata. Hannun da ya tura shi ciki ne ya yi zalunci. A bar hannun ya gyara ɓarnarsa."

Baba ya shafa haɓa. Can ya ce, "Vernon zai shigo gari ƙarshen wata. In kafin nan Biskit ya shiga da ƙafarsa, ya zauna. In bai shiga ba, ya bi Vernon. Ba kuka, ba roƙo."

"Na yarda."

Yarda ba ta da wuya. Aikin ne mai wuya. Washegari ta sa nama a cikin keji. Biskit ya kalli naman, ya kalle ta, ya koma ƙarƙashin gado. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A makaranta ran nan aka yi gwajin fakewa daga guguwa. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fito suka durƙusa a jikin bango, hannu a ƙeya. Wani yaro ya yi ƙorafi.

"Malama, ai rana ake yi. Ko hadari babu."

Malama Tidwell ta ce, "Shi ya sa muke yi yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ba tsoro ake koyo, don ranar tsoro ƙafa ta san hanya da kanta. Sa kanka ƙasa."

Da aka tashi, yarinyar ta tsaya a gaban tebur.

"Malama, kare ma zai iya koyo haka?"

"Wane laifi karen ya yi?"

"Ba shi ya yi ba. Ni ce." Ta ba ta labari.

Malama ta ce, "To kin ci bashi, sai ki biya. Ki bi shi a sannu. Shi zai faɗa miki lokacin da ya yafe, ba ke za ki faɗa masa ba."

Da ta koma gida ta roƙi Baba ya cire ƙofar kejin gaba ɗaya. Ya ɗauko fulaya ya cire, yana gunaguni. Ta wanke kejin. Ta ɗauke shi daga inda yake, ta kai shi gefen gadonta. Ta shimfiɗa tsohuwar rigarta a ciki.

Ba abin da Biskit yake so kamar cuku. Ta yanka ƙanana-ƙanana. Ta ajiye ɗaya nesa da keji, ta koma gefe ta buɗe littafi kamar ba ruwanta. Ya zo ya ɗauka. Gobe ta matsar kusa kaɗan. Jibi ta sa a bakin ƙofa.

Nan aka maƙale. Biskit yakan miƙa wuya ya wafce, ƙafafun baya a waje, ya ja da baya da sauri. Aka yi kwana da kwanaki a haka. Sau da yawa hannunta yakan yi ƙaiƙayi, ta ji kamar ta ɗan tura shi ta baya a gama. Sai ta zauna a kan hannun.

Ana cikin haka ya tauna mata jakar makaranta. Ta shigo ta ga madaurin a tsinke. Fuskarta ta yi zafi. Ta buɗe baki za ta yi tsawa. Biskit ya kwantar da kunne, ya fara ja da baya.

Ta rufe bakin. Ta wuce lungun falo, ta zauna a kujera shuɗiya, ta fuskanci bango. Kujerar ta yi mata kaɗan, gwiwoyinta har ƙirji.

Dalton ya zo ya tsaya a kanta. "Yaya, wa ya sa ki?"

"Ni na sa kaina."

"Kujerata ce fa."

"Aro nake."

Da zuciyarta ta huce, ta tashi ta rataye jakar a sama. Ta miƙa wa Biskit ƙashin roba ya tauna. A yammacin nan, tana aikin gida, ta ji motsi. Ta waiga a hankali. Biskit ya shiga keji da ƙafa huɗu. Ya juya sau biyu a kan rigarta, ya kwanta.

Ba ta yi ihu ba. Ta jefa masa cuku, ta ce a hankali, "Yauwa, ɗan gari."

Sauran aiki ɗaya. Ranar guguwa da jiniya ake shiga, Biskit kuwa yana tsoron jiniya. Duk Asabar da tsakar rana hukuma takan gwada ta, in sama na da haske. Sai yarinyar ta tuna maganar Malama. Da jiniyar Asabar ta tashi, ta zuba cuku a keji, ta zauna a gefe tana shafa shi. Ya ci yana rawar jiki, amma ya ci.

Asabar ba ta zuwa kullum. Don haka ta ba Dalton aiki. Shi ne jiniya. Sai ya hau kujera ya buɗe baki, "Wuuuuuu!" Ita kuma ta jefa cuku a keji. Dalton bai taɓa samun aikin da ya yi masa daɗi haka ba.

Mama ta leƙo daga ɗaki. "Wai ku kuna so a kore ni daga aiki ne? Wanda nake magana da shi ya ce in ajiye waya in gudu!"

Daga baya Baba ya mayar da ƙofar. Yarinyar takan rufe na ɗan lokaci, ta zauna kusa, ta buɗe tun kafin ya yi kuka. Ba ta barinsa ya daɗe. Kullum sai ta fita da shi ya yi gudu ya gaji.

Ƙarshen wata ya zo. Tun safe gari ya yi nauyi, hadari yana haɗuwa ta yamma. Baffa Vernon ya iso da a-kori-kurarsa. Mutum ne dogo, mai ƙaton takalmi da ƙamshin shanu.

"Ina sarkin taurin kan? A fito min da shi, ina so in riga hadarin nan zuwa gida."

Baba ya fito da keji tsakar falo. "To, uwar Biskit. Mu gani."

Ta jefa cuku. "Biskit, shiga ɗakinka."

Biskit ko kallon kejin bai yi ba. Ya manne da takalmin Baffa Vernon yana shinshina. Takalmin nan ya taka kashin shanu, ya taka na kaji. Wane cuku?

"Biskit, shiga mana!"

Ya kama igiyar takalmin yana ja.

"Baba, wallahi yana shiga! Dalton, yi jiniya!"

Dalton kuwa ya ɓuya bayan Mama, kunyar baƙo ta kama shi. 

Baffa Vernon ya yi dariya. "Ai kin ga ya zaɓi ubangida."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Alkawari alkawari ne. Je ki haɗo masa kayansa."

Hawaye ya cika mata ido. Biskit yana kusa da ƙafarta. Da ta sunkuya ta tura shi, da ya shiga. Ta kalli hannunta, ta mayar da shi baya. Ta wuce kicin ta ɗauko kwanonsa da ƙashin robarsa. Maza suka fita suna gyara masa wuri a mota.

Sai jiniya ta tashi. Ba Asabar ba ce.

Baba ya shigo da gudu. "Kowa ɗakin ƙasa! Vernon, bar motar nan! Ina karen?"

Yarinyar ta duba ƙarƙashin gado. Babu. Ta duba bayan masai. Babu. Ƙofar gida kuwa a buɗe aka bari. Ta fito bakin ƙofa tana ƙwala kira cikin iska.

"Biskit! Biskit!"

Mama ta kama hannunta. "Ba wanda zai koma neman kare yau. Mu tafi."

Dalton ya ja rigar Baba. "Ga shi can."

"Ina?"

"A ɗakinsa mana. Ai jiniya aka yi."

Duk suka juya. Ga Biskit a cikin keji, zaune a kan tsohuwar riga. Ya cinye cukun da aka jefa ɗazu. Kunne ɗaya a tsaye, yana kaɗa wutsiya, yana jiran ƙari.

Yarinyar ta sa sakata. Baba ya sungumi kejin da kansa, suka yi waje.

A bakin ɗakin ƙasa Madam Loretta ta haska tocila cikin keji.

"Wannan ne na ran nan?"

"Shi ne, Madam."

"Hmm. A shiga da shi."

Suka sami wuri a benci. Iska tana ta kaɗawa a sama. Biskit ya ɗan yi kuka, ya sa hanci ta cikin waya. Yarinyar ta laluba aljihu. Wayam. Ta bar cukun a kicin.

Madam Loretta ta gani. Ta buɗe jakarta, ta ɓare burodin da ta zo da shi, ta zaro cukun da ke ciki. Ta miƙa wa yarinyar.

"Ungo. Ya cika alkawarinsa, ki cika naki. Ba a yi wa dabba ƙarya."

Biskit ya lashe, ya juya sau biyu, ya kwanta. Kafin a jima yana barci.

Baffa Vernon ya dubi ƙanensa. "Lonnie, ka sa na ƙona mai a banza."

"Za ka sami wake da burodin masara, me kake so kuma?"

Mama ta ce, "Lonnie, ba ka ce komai a kan kejin ba."

Baba ya daɗe yana kallon kwikwiyon da ke barci. Ya ce, "Ba laifi."

"Me ka ce? Iska ta hana ni ji."

"Na ce ba laifi, Darlene!"

Mutanen benci suka fashe da dariya.

Guguwar ta wuce, ba ta taɓa unguwar ba. Baffa Vernon ya ci abinci, ya koma gona shi kaɗai. Biskit ya girma a gidan. Har ya tsufa, ƙofar kejinsa a buɗe take, kuma in ya gaji da surutun Dalton can yake tafiya. Kujera shuɗiya ma tana nan, yarinyar takan are ta jefi-jefi.

To, yara, ga abin da za ku riƙe. Keji ba mugun abu ba ne, ba kuma abin kirki ba ne. Mai shi ne ke mayar da shi ɗaki ko gidan yari. Wurin da kake so dabba ta gudu ta fake ranar tsoro, kada ka sa ta ji tsoronsa ranar lafiya. Abin da fushi ya ɓata a yini ɗaya kuwa, haƙuri ne kaɗai ke gyara shi, kuma a sannu yake gyarawa.